Baki a Tsofaffin Jaridun Hausa: Wanne Ne Na Cin Tuwo, Wanne Ne Na Magana?

Tambaya: Ina nazarin digiri na biyu a kan harshen tsofaffin jaridun Hausa, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo daga farkonta zuwa samun mulkin kai. Na zaɓi kalmar “baki”, na ce zan raba duk inda ta fito gida biyu: ma'ana ta zahiri da ta adon magana. To ga shi na tara jimloli masu yawa da suka ƙi shiga kowane gida. Malam, yaya zan yi da su?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Jimlolin da suka ƙi shiga ba su yi laifi ba, gidajen ne suka yi kaɗan. Akwai fili mai faɗi tsakanin bakin da ake cin tuwo da shi da bakin da ake cikawa ko a haɗa, kuma a wannan fili na tsakiya ne yawancin rubutun ɗan jarida yake zaune. Wanda ya kai “bakin kogi” gidan adon magana ya mayar da kowane mai kwale-kwale mawaƙi, wanda ya kai shi gidan zahiri kuma ya ba kogi leɓe da haƙora. Jimlolin da zan kawo misali nawa ne, na gina su a kan irin abin da ake ba da labari a wancan zamani, don haka kada ki ɗauke su a matsayin abin da na kwafo daga wani bugu na jaridar.

Amma kafin a fara rabo, sai kin tabbata kalmar da ke gabanki baki ce. Muna da kalmomi uku da boko yake kusan haɗe su: baki na fuska, baƙi kishiyar fari, da baƙi jam'in baƙo. A kunne ba sa ruɗa kowa, domin na farko da na uku suna da dogon wasali a gaɓar farko, na biyu gajere, sannan karin sautin na biyu ya bambanta, furucin k da ƙ kuma ya raba na farko da na uku. Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Abin da ya rage mana shi ne 'yar lanƙwasar da ke kan ƙ, ita kuwa takarda in ta tsufa, ko aka ɗauki hotonta sau biyu sau uku, sai ta ɓace. Manyan baƙaƙen kanun labari ma sau da yawa ba su da ita tun asali. Saboda haka duk inda kika ga “bakin ciki” ko “bakin jini” ko “bakin karfe”, fitar da su daga lissafinki, baƙi ne na launi. “Bakin haure” na jaridun baya-bayan nan baƙi ne da suka hauro iyaka, ba ruwansu da baki balle hauren giwa. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu wuyar su ne irin “bakin mutum” a rubutun zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake yawan gwama baƙin mutum da Bature, ko “bakin Turawa”, wanda zai iya zama abin da Turawa suka faɗa, zai iya zama Turawan da suka zo baƙunci. A nan sai kin karanta jimlar gaba da ta baya.

Wani abin sha'awa, ajami ya fi boko tsabta a wannan wuri. Masu ajami galibi suna rubuta k da kafun, ƙ da ƙafun, suna kuma ja da alifi inda wasali yake dogo, don haka kalmomin uku kowacce da kamanninta. Idan kika dace da 'Yar Gaskiya, 'yar takardar ajamin da ake haɗawa da jaridar a farkon zamaninta, gwada ki gani, ko da yake ba kowane marubuci ne yake tsayawa kan wannan bambanci ba. Haka ma “baka”: akwai baka na “faɗa da baka” da “subul da baka”, wanda ɗan gidan baki ne, dole ki sa shi a lissafi, akwai bakan maharbi, akwai kuma “ba ka” ta korewa da masu wasiƙa suke haɗewa.

Gidan zahiri ba zai ba ki wahala ba, kuma zai fi kowane gida ƙanƙanta. Jarida ba ta cika maganar gaɓar jiki don kanta ba. Inda ake sa ran samunta shi ne shafin kiwon lafiya, tallar magani ko ta man goge haƙori, da labarin faɗa ko na shari'a inda aka fasa wa wani baki. Ki lura a irin waɗannan wurare kalmar tana karɓar komai: mallaka, sifa, jam'i. Bakinsa ya kumbura, ƙaton baki, bakunan yara. Riƙe wannan, zai yi miki amfani can gaba.

Gida na biyu, wanda ba ki tanada ba, shi ne baki da ma'anar gefe, ko ƙofa, ko kaifi, ko iyaka. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta Rupert East yana shugabancin ofishin talifi. A watan Satumba na shekarar aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 'ya'yan Arewa sun je fagen fama, da farko a gabashin Afirka wajen korar Italiya daga Habasha, daga baya a Bama wajen yaƙi da Japan. Wanda zai ba da labarin yaƙi da Hausa ba shi da makawa sai ya yi ta ambaton bakin teku, bakin kogi, bakin iyaka, bakin hanya, bakin bindiga, bakin daga. Idan aka rubuta cewa sojojinmu sun yada zango a bakin kogin Kaladan da ke Bama, babu wani ado da marubucin ya yi, babu abin da ya ɓoye. Ba shi da wata kalma da ta fi wannan sauƙi. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun riski wannan ma'ana a matsayin tsohuwar 'yar gida, ba sabon salo ba. Shaidar tsufanta kuma tana cikin sunayen wurare: Bakin Zuwo a birnin Kano, unguwar da Sabo Bakin Zuwo, gwamnan Kano na 1983, ya ɗauki sunanta, Bakin Dogo a Kaduna, gefen layin jirgin ƙasa, Bakin Birji a yankin Damagaram. Sunayen wurare ma dai ki ware su gefe guda, kada su kumbura miki adadi.

A nan akwai tarko ɗaya da ya shafi labaran da aka fassaro. Bature ma yana ba kogi baki, amma shi wurin da kogin ya faɗa teku yake nufi. Bahaushe kuwa gaɓa yake nufi, ko'ina a tsawon kogin. Labaran yaƙi da na ƙasashen waje daga Turanci ake juyo su, don haka idan kika ga an ce jiragen ruwa sun tare bakin wani kogi, tsaya ki duba taswira. In mashigar teku ce, to kin kama sawun fassara, kuma wannan ya cancanci a rubuta shi a kundi. Ƙwararren mai fassara zai ce “inda kogin ya shiga teku”.

Daga gefe sai ma'anar ta miƙe zuwa iyaka, kuma a nan ne abin yake fara yin daɗi. Bakin abu shi ne inda ya tsaya. Shi ya sa ake cewa an yi ciniki a bakin sule goma, wato nan kuɗin ya tsaya. Shi ya sa ake cewa ya yi bakin ƙoƙarinsa, ko bakin gwargwado, ko “bakin abin da na sani ke nan”. Sannan ga “a bakin”, wadda ita kaɗai za ta iya cin babi guda. “An same shi a bakin aikinsa” na nufin yana wurin aiki, yana kan yi. Amma idan sanarwar En'e ta ce duk ma'aikacin da ya karɓi toshi “a bakin aikinsa”, ai kora ake nufi: aikin ne fansar laifin. Kalmomi ɗaya, tsari ɗaya, ma'ana ta yi hannun riga. Ta biyun 'yar'uwar “a bakin ransa” ce, kuma ita na yarda ki kai ta gidan adon magana, domin wanda bai san Hausa ba ko ya san kowace kalma a ciki ba zai gane barazana ce ba. “Bakin rai bakin fama” ma a nan take: iyakar rai ita ce iyakar fama. “Gano bakin zare” da “bakin alƙalami ya bushe” kuwa hawa biyu suka yi. Bakin zare da bakin alƙalami na gida na biyu ne, tsinin abu kawai, amma jimlar gaba ɗayanta ta zama ado: an gano makamar matsala, an gama yanke hukunci.

Gida na uku shi ne wanda kika fito nema, inda baki yake tsayawa a madadin magana, ko ra'ayi, ko ikon faɗa a ji. A nan nake so ki daɗe, domin a nan ne za ki kama hannun marubuci. Ɗauki shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta kankama. An kafa NEPU a Kano a watan Agusta na 1950. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Ikko, wakilan Arewa suka ƙi a ɗaure su da shekara, aka yi musu ihu a titi, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano. NEPU ta yi ƙawance da jam'iyyar NCNC mai ƙarfi a Kudu, bayan zaɓen Disamba na 1959 kuma NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, ta kafa gwamnati tare da NCNC ɗin nan dai. To marubuci yana da zaɓi. Zai iya cewa jam'iyyu biyu sun haɗa kai, zai iya cewa sun haɗa baki. Abu ɗaya ya faru, amma haɗa kai alheri ne, haɗa baki makirci ne. Ɓarayi ne suke haɗa baki da mai gadi. Zai iya cewa wani babba ya sa baki a rikici, zai iya cewa ya tsoma baki. Mai sa baki ana gode masa, ko ma an roƙe shi. Mai tsoma baki ba a gayyace shi ba. Zai iya cewa shugaba ya yi alkawari, zai iya cewa ya cika baki, ko ya faɗa da fatar baki. Ɗan jarida zai rantse bai faɗi ra'ayinsa ba, labari kawai ya bayar, alhali aikatau ɗin da ya jingina wa baki ya riga ya yanke hukunci. Saboda haka kada ki tsaya ga rubuta “adon magana” a gefen jimla. Rubuta wa aka ce ya haɗa baki, wa aka ce ya haɗa kai, a wace shekara, a wane shafi. Idan ya kasance wani ɓangare kullum shi ke tsoma baki, wani kuma kullum sa baki yake yi, kin samo abin da ya fi adadi daraja. Ki tuna kuma jaridar ta hukuma ce, daga 1945 tana ƙarƙashin Kamfanin Gaskiya da ke Tudun Wadan Zariya, amma shafin wasiƙunta ya ɗauki muryoyi iri-iri, har da masu sukar sarakuna da En'e. Kada ki gauraya harshen edita da na masu wasiƙa a tukunya ɗaya.

“Baki ɗaya” tana buƙatar kulawa ta musamman, domin fuska biyu gare ta. Idan majalisa ta amince baki ɗaya, bakin yana nan da ransa: mutane da yawa, magana ɗaya. Kishiyarta ita ce bakinsu ya rabu, ko mai baki biyu a wajen mutum guda. Amma idan gobara ta cinye kasuwa baki ɗaya, ko aka ce duniya baki ɗaya, babu sauran magana a ciki, “gaba ɗaya” kawai ake nufi. Gwajin mai sauƙi ne: sauya ta da “duka”. In jimlar ba ta rasa komai ba, ta biyun ce. “Ta bakin” ma haka. Akwai “ta bakin Hausawa” ko “ta bakin masu iya magana”, wadda share fage ce ga karin magana, akwai kuma “gwamnati ta faɗa ta bakin wane”, wadda jingina labari ce ga mai shi. A tsohon rubutu “in ji” da “ya ce” ne suke ɗaukar yawancin wannan aiki. Salon kakaki da mai magana da yawun wane ya fi kama da harshen rediyo, wanda ya ƙara ƙarfi bayan da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Wannan hasashe ne da kundinki zai iya tabbatarwa ko ya rushe, in kin bi shekara-shekara.

Sauran 'yan wannan gida sanannu ne, ba sai na daɗe ba: ɓata baki, ba da baki wajen lallashi, ja baki ko kame baki, toshiyar baki, bakinsa ya mutu. Ki dai ware bakin da ake yi wa mutum, irin na uwa ko na malami, wanda ake cewa ya kama shi. Wannan ga mai faɗarsa ba ado ba ne, abu ne da ya yi imani yana aiki, kuma zai yi kyau ki faɗi haka.

Yanzu ga waɗanda nake zaton su ne suka fi ƙin shiga gidajenki: riƙe baki, sakin baki, taɓe baki, zumɓura baki, murguɗa baki, washe baki, baki har kunne. Idan aka rubuta cewa jirgin sama ya sauka, jama'a suka riƙe baki, shin sun kai hannu ga haɓa, ko mamaki kawai ake nufi? Duka biyun. Bahaushe yana riƙe baki da gaske idan abu ya ba shi mamaki, kuma saboda kowa ya san alamar, an wayi gari ana faɗarta ko da ba wanda ya ɗaga hannu. Marubucin da ke zaune a ofis a Zariya bai ƙirga hannuwa ba. Taɓe baki raini ne ko rashin damuwa, murguɗa baki tsiwa ce, zumɓura baki fushi ne, kuma kowannensu motsi ne da ido yake gani. Kada ki tilasta musu zaɓen ɓangare. Ba su gida na huɗu, ki kira shi ishara da baki, ki bayyana cewa zahiri da ma'ana suna tafiya tare a cikinsa. “Buɗa baki” na azumi ma kusa da nan yake: ana buɗe bakin da gaske, amma sunan ibada ne, shi ya sa ba a cewa mai hamma ya yi buɗa baki.

Game da yadda za ki tantance sabuwar jimla, ga abin da nake koya wa ɗalibai. Fara da sauya kalmar. In “gefe” ko “gaɓa” ko “ƙofa” ko “iyaka” ta zauna daram a wurinta, gida na biyu ne. In “magana” ko “ra'ayi” ce ta zauna, na uku ne. Sannan ki taɓa jimlar ki gani ko za ta jure. Adon magana ba ya son a taɓa shi. “Ya cika baki” alfahari ne, amma da zarar kin ce “ya cika bakinsa da goro” alfaharin ya tafi, goro ya rage. “Ya sa baki” shiga magana ce, “ya sa a baki” loma ce. Harafi ɗaya ya raba su, kuma mai haɗa baƙaƙe a maɗaba'a yana iya yar da shi. “Sun haɗa baki” ba ta karɓar jam'i: ki ce “sun haɗa bakuna” ki ji yadda maganar ta lalace. Gwajin ba ya aiki ɗari bisa ɗari, domin “ja bakinka” da “bakinsa ya mutu” suna ɗauke da mallaka kuma ado ne, amma zai raba miki mafi yawa.

Karin magana kuma ki ba ta nata shafi. “Baki shi ke yanka wuya” cikakkiyar jimla ce mai zaman kanta, an ɗauko ta ɗungurungum an ajiye. “Hannu baka hannu ƙwarya” da “baki da hanci” guntaye ne da ake sakawa cikin jimla. Ɗalibai da yawa suna haɗa su duka su kira su karin magana, sai lissafi ya rikice. Marubutan zamanin Imam sun tashi cikin karin magana, sunan jaridar kansa ma ai shi ne, don haka za ki same ta da yawa a sharhi, ki same ta kaɗan a sanarwar gwamnati.

In lokaci ya ba ki dama, leƙa jaridun larduna na shekarun 1950, zamanin Hukumar NORLA ta wallafa littattafai da jaridu a Arewa, irin su Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya da Zumunta ta Bauchi. Ko ba ki sa su cikin lissafi ba, za su nuna miki ko abin da kika gani a Gaskiya salon gidan ne ko na zamanin ne baki ɗaya. Ki sa ido kan karin harshe, domin mai wasiƙa daga yamma zai iya rubuta “bakinai” inda Bakano zai ce “bakinsa”, kuma in da kwamfuta kike nema, ba za ta kawo miki shi ba sai kin tambaye ta. Jimlolin da suka rage bayan duk wannan, waɗanda har yanzu suke karɓar fassara biyu, kada ki jefar da su don tebur ya yi kyau. Jera su a rataye, kowacce da kwanan watan bugunta da shafinta da jimlar da ta gabace ta, ki kai wa dattawa biyu ko uku da suka yi karatu a wancan zamani su karanta miki da ƙarfi. Tsawon wasali da karin sautin da takarda ta ɓoye, muryarsu za ta fito da shi.